Kwalbar da Tsohuwa Ta Bari

Mai Suna,

Ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun wasiƙa a kan karatun da ya riga ya yi miki yawa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga kafin na yarda na dame ki. Waya kuma kin san halina da ita: kina magana kunnena yana tsintar rabi, in an kashe sai in rasa wanne kika faɗa, wanne na ƙara da kaina. Takarda ba ta canja magana.

Assalamu alaikum, da fatan kin koma wurin bincikenki lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Kawunki ce dai take masa gardama, amma hakan bai hana shi taka keken ɗinki ba, balle surutu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar da kika yi a kicin ranar da za ki tafi. Wataƙila ke kin manta. Kin buɗe kwalbar uwar kwaɓi, wadda nake ɗiba in tashi burodi da ita in mayar mata da gari da ruwa, kika shinshina, kika yi dariya kika ce, "Gwaggo, ƙamshin nan fa na barasa ne." Kika rufe, kika ɗauki jakarki, mota tana jira. Ke kin tafi, maganar ta zauna.

Kin san ba kakarki ce ta haife ni ba, riƙona ta yi. Amma duk cikin 'ya'yanta da jikokinta ni Tsohuwa ta kira ta damƙa wa kwalbar nan, ta ce kada in bari ta kwana da yunwa. Tun ban yi aure ba nake ciyar da ita. Da ita na ciyar da gidana, da ita nake yi wa mai shayin bakin titi burodinsa, kuma rabin layinmu da shi suke karyawa, har da masu azumin nafila da suke ajiye shi don buɗa-baki. In abin da kika faɗa gaskiya ne, to me na daɗe ina ba mutane?

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Ina dai kwaɓawa, amma hannuna ya yi nauyi, kuma bisimillar da nake yi a bakin tanderu yanzu sai in ji kamar ina jin kunyarta.

Ke ce aikinki kallon yis ɗin nan mai tashin burodi dare da rana. Ki faɗa min a fili: wasa kika yi ko da gaske? In da gaske ne, daga ina barasar take shiga, tunda ni gari da ruwa kawai nake zubawa? Kuma tana kaiwa cikin burodin?

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na isa lafiya, mura ce kawai ta tare ni. Ki gaishe da Kawu, ki ce masa rigar da ya ɗinka min ta yi, hannun ne dai ya yi wa mai tsayi biyuna.

Ina rubuto miki a tsaye, kusa da injin da yake jijjiga min kwalabe, don haka ki yafe rubutun. Ba ni da lokaci sosai a kwanakin nan.

Ba wasa na yi ba, amma ba abin tashin hankali ba ne. Ba wanda yake zuba barasa a kwalbarki. A cikin kwaɓin akwai ƙwayoyin halitta masu rai, ƙanana ƙwarai, su ne yis. Suna cin sukarin da yake cikin gari don su samu ƙarfi, kuma hanya biyu gare su.

Ki ɗauka mai shan rake ne. Wani yakan tauna gaɓa ɗaya a hankali har sai ya tsotse ta ƙaf. Haka yis yake yi in ya samu iska: yana cinye sukarin gaba ɗaya, ya samu ƙarfi mai yawa, ba ya barin barasa. Wani kuma yakan ciza sau ɗaya ya tofar, ya kai hannu ga wata gaɓar. Ƙarfin da yake samu a kowace gaɓa kaɗan ne, amma yana da sauri. Abin da ya tofar ɗin, wanda har yanzu da sauran zaƙi a jikinsa, shi ne barasar, kuma tare da ita yake fitar da iskar da take kumbura miki kwaɓi. Yana bin wannan hanyar in babu iska. Abin mamakin shi ne in abinci ya yi masa yawa, ko da akwai iska ma wannan hanyar yake bi.

Gano dalilin haka shi ne duk aikina a nan. Yawancin ƙarfin da ƙwayar ta samu a ginin jiki yake tafiya, domin sai ta haɗa wa 'yarta kayan ciki kaf kafin ta tsiro ta a gefenta. To kayan aikin tauna a hankali suna da tsadar ginawa, suna cin wuri. Muna zaton in abinci ya wadata gara mata ta yi ɓarna ta hayayyafa da sauri. Na ce muna zato, domin kwalabena sun ƙi ba ni amsa iri ɗaya sau biyu, shugabana kuma ya fara kallona ta saman tabarau.

Game da burodi: zafin tanderu yana korar barasar, kusan duka tana fita. Abin da ya rage bai kai ya kawo ba, ko ayabar da ta nuna sosai tana da irinsa. Ki kwantar da hankalinki.

Injin yana kuka, bari in je.

'Yarki.

*

Mai Suna,

Assalamu alaikum. Allah ya sawwaƙe murar. Ki riƙa rufe ƙirjinki a ɗakunan nan naku masu sanyi.

Wasiƙarki ta zo, na gode. Na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Misalin rake ya shige ni, Allah ya ƙara basira. Amma akwai kalma ɗaya da na kasa haɗiyewa. Kin ce kusan duka. Mai Suna, kusan ba duka ba ne. Wanda ya kusan yin alwala bai yi ba.

Sai na zauna na yi tunani. Kin ce in yis ya samu iska ba ya barin barasa, kin kuma ce yawan abinci ne yake sa shi ɓarna. Ashe laifin nawa ne ta gefe biyu, ni nake toshe shi da murfi, ni nake cika masa ciki. Don haka na cire murfin da ƙyallen da Tsohuwa take rufe kwalbar da shi, na ɗauko ƙaramar fankar ɗakinmu na saita ta a bakin kwalbar. Abincin kuma na rage shi zuwa ɗan abin da zai tsaya a kan cokalin shayi. Kwaɓin burodin ma haka na yi masa: ban rufe ba, ina bi ina buga shi da muciya don iska ta shiga.

Ba sai na ja miki ba. Abin da ya fito daga tanderu, da an jera shi da an yi katanga. Mai shayi ya ɗaga ɗaya ya ƙwanƙwasa a teburinsa ya ce, "Hajiya, wannan na ci ne ko na dannar takarda?" Na ce masa gari ne ya canja. Ban yi ƙarya ba sosai, don yawan garin ya canja, amma na yi istigfari a hanya. Na sake gwadawa, na sake samun bulo. Yanzu na ce masa ya nemi na wani wuri zuwa wani lokaci. Ya ce masu shan shayinsa sun fara tambaya ko rasuwa aka yi a gidanmu.

Dole ta sa na faɗa wa Kawunki, don ya ga fankarsa ta koma kicin shi yana gumi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara da shekaru yana cin burodina, in da yana bugarwa da ya daɗe yana ɗinka wando da hannun riga. Na ce ba abin dariya ba ne. Ya ce to ki je wurin Malama.

Na je. Ta saurare ni tsaf, ta tambaye ni ko akwai yawan burodin da mutum zai ci ya fita hayyacinsa. Na ce babu, sai dai ya ƙware. Ta ce to ki koma ki hura tanderunki, halal ne, kuma ki yi hattara da wasuwasi, don shi ma ƙofa ce. Na san gaskiya ta faɗa. Na yi karatun nan ni ma, na san hukuncin. Amma kai ya ji, ƙirji bai ji ba. In na buɗe kwalbar warin nan ya bugi hancina, sai duk karatun ya gudu.

Ayabar ma na dakata da ita.

Abu biyu nake roƙo, ki ba ni ɗaya. Ko dai ki koya min yadda zan sa shi ya tauna a hankali kuma burodin ya tashi, ko ki rubuto min da hannunki cewa babu ko ɗigo a cikin wanda aka gasa. In kin ce babu, zan yarda.

Gwaggonki.

*

Mai Suna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan shirun naki ba ciwo ba ne.

Kullum sai na aiki Kawunki ya duba akwatin wasiƙa, har ya ce zai kai katifarsa can. Na koma na sake karanta takardarki, sai yanzu na lura da inda kika ce ba ki da lokaci. Da farko na wuce wurin. Yanzu na gane, kuma ban ga laifinki ba. Mai aikin ilimi ba za ta zauna amsa wa tsohuwa tambayar kicin sau biyu ba. In na takura miki ne, ki yafe ni.

Sai dai ki san halin da ake ciki. Na daina ba kwalbar gari gaba ɗaya, ruwa kawai nake ɗiga mata don tausayi. Na zaci warin zai tafi. Ƙaruwa ya yi. Wani baƙin ruwa ya taru a sama mai hawa kai, gefen kwalbar ya yi ɓawo, ƙasan kuma ya kwanta shiru kamar laka, ko ƙwayar kumfa babu. Na ba ta iska, na hana ta ɓarna, ta saka min da abin da nake gudu. Ban san me take so ba.

Ba zan iya ajiye abu mai wannan warin a ɗakin da nake dafa abinci ba, ba kuma zan iya zuba amanar Tsohuwa a kwata ba. Na yanke shawara in wata ya ƙare ban ji daga gare ki ba, zan haƙa rami a gindin lemon tsakar gida in binne ta da mutunci.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Kafin gaisuwa: ki tashi ki kashe fankar nan, ki mayar wa Kawu abarsa. Kada ki binne komai. In kin kashe ta, sai ki dawo ki ci gaba da karatu.

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Wasiƙunki biyu yau na same su tare. Injinmu ya lalace, duk abin da nake rainon ya mutu, aka tura ni wani gini in sake farawa, takardunki kuma suna can tsohon wurin a ƙarƙashin tarkacen wasu. Da na ce ba ni da lokaci, da injin nake, ba da ke ba. Yaushe na taɓa gajiya da ke? Amma yau kam raina ya ɓaci, rabi da ke, rabi da bakina da ya kasa yin shiru a kicin ɗin mutane. Ayaba kuma, Gwaggo? Da na sani da ban ambace ta ba.

Abu na farko da kika roƙa ba ya yiwuwa. Mu nan muna iya sa yis ya tauna a hankali, amma a cikin ruwa ne tsararo, inji yana hura masa iska ba tsayawa, ana ɗiga masa sukari kaɗan-kaɗan. Kwaɓi kauri gare shi. Iskar fanka a fatarsa take tsayawa, ɗan abin da ya shiga da muciya kuma nan da nan suke shanye shi. Bugun da kike yi, kumfar da suka tara kike fasawa. A cikin kwaɓi tashi da barasa tare suke zuwa, ba a raba su. Haka na Tsohuwa yake, haka na duk wanda ya taɓa gasa burodi mai tashi.

Na biyu kuma ba zan rubuta ba. Na san in na ce babu ko ɗigo gobe za ki hura tanderu, kuma wallahi na ɗauki biron don in rubuta. Amma ke kika zaunar da ni a tabarma kina biya min karatu, in na ce na iya, ki ce in karanto, in na yi tuntuɓe ki ce, "To ki ce kin kusa. Faɗi abin da yake." Abin da yake shi ne ɗan kaɗan yana saura, kaɗan ɗin da ba ya yi wa kowa komai. Hukuncinsa kuma Malama ta faɗa miki, ta fi ni sani, ke ma kin fi ni.

Yanzu maganar kwalba. Baƙin ruwan nan tsohuwar barasa ce da tsami da suka taso sama don kwaɓin ya saki. Alamar yunwa ce, ba sabon laifi ba. Yis ba ya saurin mutuwa. In ya ga abinci yana ƙarewa yakan koma ya tsince abin da ya tofar, in akwai iska, sannan ya tara ɗan guzuri a cikinsa, ya ƙara wa bangonsa kauri, ya daina haihuwa. Ɗan ƙarfin da ya rage a gyaran jiki yake kashe shi, da tura tsami waje don kada ya ƙone shi. Yana iya daɗewa a haka. Amma guzuri yana ƙarewa, kuma na kasa sanin daga nan ko nasu ya ƙare.

Ki duba da kyau. In kin ga gashi-gashi kore ko baƙi, ko wani ja-ja, to ta tafi, sai haƙuri. In babu, ki tsiyaye ruwan, ki kankare saman, ki ɗebo cokali ɗaya daga can ƙasa ki sa a wankakkiyar kwalba. Ki ba ta gari da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki ba ta sosai, ba na rowa ba. Ki ɗaura zare a daidai inda ta tsaya. Sannan ki rufe ta, Gwaggo.

Nawa da suka mutu na buɗe firji na ɗauko 'yan'uwansu, akwai irinsu a ɗakunan gwaji ko'ina. Naki babu na biyu a duniya. A bakin kwalbar nan na fara tambayar me yake sa gari numfashi, Tsohuwa ta ce in daina leƙe kada in ba ta kunya. Har yau ban taɓa ganin yis ɗin Tsohuwa a madubin aikina mai ƙara girman ƙananan halittu ba. In ta farfaɗo, ki shafa kaɗan a takarda mai tsabta, ki bari ya bushe, ki aiko min.

'Yarki.

*

Mai Suna,

Assalamu alaikum. Allah ya mayar miki da alherin abin da ya lalace, ya sassauta zuciyar mai tabarau. Mu lafiya. Kawunki ya karɓi fankarsa ya ce a gode miki, wai ke kaɗai ce mai tausayi a dangin.

Ramin na riga na haƙa shi tun kafin takardarki ta zo. Na kai kwalbar bakinsa na tsaya, na dawo da ita. Washegari ma haka. Da Kawunki ya gaji da ganin rami a tsakar gida sai ya dasa barkono a ciki.

Na ji haushinki da kika ƙi rubuta min kalma ɗaya. Na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin filo, na wuni ban kula ta ba. Har na ce a raina yaran yanzu, ka roƙe su ruwa su ba ka bayanin rijiya. Amma da na zo ninke sallaya sai na tambayi kaina: da ta rubuta babu ɗin fa? Na san halina. Da na gasa na kwana biyu, sannan in fara cewa don ta rabu da ni ne ta faɗa, daga nan kuma ba na sake yarda da komai naki. Wannan da kika hana ni, shi ya sa na yarda da sauran.

Ba zan ce miki zuciyata ta kwanta ba. Ta kusa.

Na duba a hasken taga, na sa Kawunki ma ya duba da tabaransa na zura allura. Ba kore, ba ja. Na tsiyaye ruwan ina kau da fuska, na ɗebo daga ƙasa, na ba ta gari har sai da na ji kunyar rowar da na yi mata. Na ɗaura zare. Na wanke ƙyallen Tsohuwa na shanya, ya bushe, na riƙe shi a hannu na daɗe, don na san abin da za su yi a ƙarƙashinsa. Na yi bisimilla na rufe.

Jiya ba abin da ya motsa. Na sake ciyar da ita. Yau da safe na ga 'yan ƙananan kumfa a jikin gilashin, can ƙasa, ba su fi kan allura ba, amma ba ta wuce zaren ba ko kaɗan. Kawunki ya ce rai ne. Ni kuma ina tsoron iskar da na shigar ce lokacin juyawa, don na juya da ƙarfi. Na kai hanci, ban ji komai ba sai ɗanyen gari. Ki ga ikon Allah, warin da na yi ta gudu, yau shi nake sunkuyawa ina nema.

Mai shayi ya aiko yana tambaya, na ce ban sani ba tukuna. Takardar da zan shafa miki na yanke ta na ajiye a cikin littafi don kada ta yi ƙura.

Ki faɗa min yadda ake gane kumfar rai da ta muciya, da kuma ko in ci gaba da ciyar da ita ko in bar ta ta huta. Ki duba tsohon ginin naku ma, kada wannan takardar ta kwana a can. Don Allah ki amsa da wuri.

Gwaggonki.